Motar Da Za Ta Kai Goggo Katsina

Ban san mota ba. Gara in faɗa tun da wuri, don a unguwarmu an ɗauke ni masani, ni kuma ban taɓa samun sukunin ƙaryata zancen ba. Iyakar abin da na iya shi ne in zagaya mota hannuwana a baya, in shuri taya da gefen takalmi, sannan in ce a buɗe boneti in leƙa ina gyaɗa kai kamar wanda ya ga abin da dama yake zargi. Abin da ke cikin bonetin kuwa, in ka cire wurin zuba ruwa, ni da akuyar gidanmu iliminmu ɗaya. Sunan ya biyo ni ne saboda wata akwalar mota da nake ja, wadda ta girmi babbar 'yata. Mutane na ganin duk wanda ya iya riƙe irin wannan tana motsi lallai ya san wani abu. Ba su san bakanikena a kaina ya yi ginin gidansa ba.

Shi ya sa da Mainasara ya tashi sayen mota, ni ya nema. Abokina ne tun muna makarantar allo, yanzu yana da shagon siminti da kwanon rufi a bakin kasuwa. Ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, ya zauna, ya gyara hula.

"Malam Isyaku, mota za mu saya. 'Yar ƙarama mai but, irin mai ɗaukar mutum biyar. Ba don ni ba, ka san ni babur ya ishe ni. Don Goggo."

Goggo Hadijatu ƙanwar mahaifinsa ce. Ita ta yaye shi, ita ta riƙe shi har ya yi aure. Allah bai ba ta haihuwa ba, tun da mijinta ya rasu kuwa take zaune a gidan Mainasara, a ɗakin da ke kusa da zaure. Tana da ciwon suga. Garwashi ne ya faɗo mata a babban yatsan ƙafa tana dama koko, wurin ya ƙi warkewa ya zama gyambo. Likitan da ke wanke mata a nan Daura ya ce abin ya wuce wanki, a kai ta Katsina. Ya faɗi sunan asibitin da ƙwararrun suke, ya ce kada a yi jinkiri.

Mainasara ya rantse matar da ta goye shi ba za a cusa ta a motar tasha ba, mutum huɗu a baya, buhun albasa a kan ƙafarta. Goggo tana da wata gona ta gado a kan titin Mai'adua, wadda gari ya cim mata har masu yanka filaye suna ta zuwa gaisuwa. Ya lallashe ta aka sayar.

"Motarki ce, Goggo," in ji shi. "Ni direba ne kawai."

Ranar da za mu fara fita nema, na shiga gaishe ta. Na tarar da ita a kan tabarma, ta miƙe ƙafar da aka naɗe, tana tsintar wake.

"Isiya, an ce kai ne za ka zaɓo min mota."

"Ni ne, Goggo."

"Waccan taka mai tari kamar ta shaƙi barkono, kai ka zaɓe ta?"

"Ni na zaɓe ta, Goggo."

"To, Allah ya rufa mana asiri."

Zubaida, matar Mainasara, tana bakin murhu tana jin mu. Ta ɗago ta ce da mijinta, "Maigida, tunda dai Katsinar za ku, ga kujerar baya babu kowa, ku tafi da ita mana. Ku ajiye ta a asibiti, ku wuce neman motarku."

Mainasara ya dube ta kamar ta zage shi.

"Goggo a motar aro? Duk Daura an san an sayar da gonarta, sannan a gan ta a akwalar Isyaku? Me za a ce da ni? In kuma motar ta mace mana a daji, rana tsaka, da mara lafiya fa? Ki bari mu yi abu cikin mutunci. Yau yau za mu dawo da mota, gobe da safe ta shiga abarta."

Ya kamata in ji haushin zagin da aka yi wa motata a gabana. Ban ji ba. Sanyi ma na ji, don ƙafar ta fara ɗan wari, ga shi kuwa ba a daɗe da wanke min rigunan kujeru ba.

A Katsina wurin wani Alhaji Sada muka sauka, dillali mai fili guda cike da motoci, an jera su a ƙarƙashin rumfa suna ƙyalli. Mainasara ya gabatar da ni a matsayin wanda ya san inji. Tun daga nan Alhaji Sada bai ƙara kira na da wani suna ba sai Injiniya. Ban gyara masa ba.

Ya nuna mana wata farar Korola. "Wannan, Injiniya, mace ce ta hau ta, likita. Daga gida sai asibiti, daga asibiti sai gida."

Daga baya na gane duk wata mota ta hannu da ke ƙasar nan mace likita ce ta hau ta. Ban san inda matan nan suke samun lokacin duba marasa lafiya ba.

Na zagaya, na shuri taya, na leƙa boneti. Aka tayar, injin yana numfashi a hankali kamar jariri na barci. Muka zagaya gari da ita, sanyin esi yana dukana a wuya, har na fara gyangyaɗi. Na ce da Mainasara ko ni da ban… ko ni da na ga motoci da yawa ban ga aibunta ba. Kuɗin da ke hannunsa ma ya kai har da saura.

Ya ja ni gefe. "Fara ce."

"Na ga alama."

"Mai shagon fenti da ke jikin nawa fara gare shi, irinta sak. Sai a ce kwaikwayonsa na yi."

Muka ci balangu, muka sha fura, muka dawo.

Goggo tana dogara sanda ta fito har bakin zaure da ta ji tarin motata. Ta leƙa bayanmu.

"Ina take?"

"Ba mu samu mai kyau ba, Goggo."

"A duk Katsina?"

"Wadda ta dace da ke nake nufi."

Ta yi dariya ta ce ita ko kura aka ɗora ta a kai aka tura, in dai za ta kai, ta dace da ita. Mainasara ya ce Allah ya kiyaye, yana raye.

Muka koma. Wannan karon ja ce, Mainasara ya ce shi ba mawaƙin biki ba ne. Muka sake komawa, aka nuna mana wata shuɗiya mai faɗin ƙofar baya, wadda ko ni na ga mutum zai miƙe ƙafa a cikinta ba tare da an lanƙwasa shi ba. Mainasara ya ce da ka gan ta ka ga motar haya, in ya bi ta tasha sai fasinja sun tsayar da shi. Wata kuma rediyonta ba mai hoto ba ne. Wata an taɓa yi mata fenti a gefe, ya gano da kansa, ya yi kwana da kwanaki yana ba da labarin a majalisa. Muka leƙa Kano ma, don kada a ce ba mu bincika ba.

Ni dai ban yi gardama mai ƙarfi ba. Mutumin da ya shekara ashirin da wani abu a ofis babu wanda ya taɓa tambayar ra'ayinsa ko a kan launin labule, yau ga shi ana buɗe masa ƙofa, ana kunna masa esi, ana jiran ya gyaɗa kai. Mainasara ke zuba mai, shi ke sayen nama. In na ce ban ji daɗin zaryar nan ba na yi ƙarya.

Ana sharar gona muka fara. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko, muna nan muna shurin tayoyi. Goggo ta daina fitowa bakin zaure. In na shiga gaisuwa sai in tarar da ita a ƙofar ɗaki, sandar a jingine, ta koma sallah a zaune.

"Isiya, motar ba ta nuna ba har yanzu? Ko sai an turara ta kamar ayaba?"

"Ta kusa, Goggo."

"Ko dai ƙera ta ake yi? In ƙera ta ake, ga maƙera nan bayan rijiyar Kusugu, da kun ba su tun bazara da yanzu sun gama."

Tana faɗa tana dariya, amma ƙyallen ƙafar ya ƙara kauri, kuma na lura Zubaida ta fara ajiye kaskon turaren wuta a bakin ƙofa ko da rana. Ba biki ake ba.

Kowane zuwa kuma Alhaji Sada sai ya tare mu da ta'aziyyar tashin dala. Farar Korolar nan da muka raina, wani ya ɗauke ta tuntuni. Irinta da ta zo daga baya ta fi ƙarfin aljihun Mainasara. Ashe ma aljihun ya rame, don ya ɗebi wani kaso ya zuba a siminti, wai kada kuɗi su zauna haka nan suna jin sanyi.

"Juya mata su nake yi," in ji shi. "Ribar ma ai tata ce."

Gero ya fara fitar da kai sa'ad da Zulkifilu ya bayyana. Mutumin Mai'adua ne, siriri, da waya biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta ƙetare. Ya ji labarinmu, don zuwa lokacin babu wanda bai ji ba. Ya zo shago ya nuna wa Mainasara hoto a waya: mota ruwan toka, kujeru masu haske kamar madara, rediyo mai hoto.

"Alhaji, wannan babu irinta a Daura. Shekaranjiya ta shigo."

Mainasara bai taɓa zuwa Makka ba. Na ga kalmar ta shige shi kamar allura.

Muka je gani. A wani kango bayan kasuwar shanu muka same ta, an lulluɓe ta da tamfol, an jera karan dawa a kai. Mai hankali in ya ga an ɓoye mota kamar amaryar da ba a gama biyan sadakinta ba, zai yi tambaya. Ni kuwa taya na shura. Kuɗinta ya yi ƙasa ƙwarai da na Alhaji Sada, har Mainasara ya riƙa tsungulina.

Don dai kada a ce Injiniya bai ce komai ba, na ce, "Takardun kwastan fa?"

Zulkifilu ya yi murmushi. "Injiniya ke nan. Takarda ai daga baya ake yi. Mota ake fara samu. Ka taɓa ganin an raɗa suna kafin a haihu?"

Na ga maganarsa da ma'ana. Na gyaɗa kai.

Ranar da motar ta iso gida unguwa ta cika. Aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, yara suka yi ta leƙa fuskokinsu a gilashi ana korarsu. Kowa ya zo sai ya ce Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya, sannan ya ƙara da cewa samun ɗa irin Mainasara sai an tona, mutum ya sayi mota sukutum don goggonsa. Aka ɗauko Goggo a kan kujera aka kawo ta bakin zaure. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙa hannu ta shafa ƙofar.

"Kai, ashe haka gonata take da santsi," ta ce. Aka yi ta dariya. Ta sa masa albarka har muryarta ta karye.

Washegari da hantsi na zo rakiya. Goggo ta yi wanka, ta sa atamfarta ta Sallah, ta yafa mayafi. Ga jakarta a gefe: buta, kwanon sha, carbi, da ɗan ƙullin goro wai za ta ba likita. An zaunar da ita a zaure tun da sassafe don kada ta ɓata wa kowa lokaci.

Mainasara yana waje yana goge motar da ba ta yi datti ba. Ya yafuto ni.

"Akwai 'yar matsala. Zulkifilu ya kira. Ya ce kada in kuskura in hau titin Katsina. Akwai shinge, in suka tare ta babu takarda, ta tafi ke nan."

"To a yi takardun mana."

Ya faɗa min abin da takardun za su ci. Na zauna a kan dakali.

"Sauran kuɗin fa?"

"Suna cikin siminti. Damina ce, gini ya tsaya. Da kaka ta yi za su fito." Ya ci gaba da goge madubi. "Shiga ka faɗa mata. Kai take jin maganarka."

"In ce mata me?"

"Kai ne Injiniya."

Na shiga. Ta ɗago tana gyara mayafi, ta kama jakarta.

"Goggo, sai an ɗan ɗaure birki tukuna."

"Sabuwar motar?"

"Sabuwa ta fi son ɗauri, Goggo."

Ta dube ni, irin duban da take min muna yara in na ce ba ni na sha nonon da ke ƙwarya ba. Sannan ta zare mayafin a hankali, ta ninke shi, ta ɗora a kan jaka.

"To a ɗaure da kyau," ta ce.

Motar ta fara aiki. Daga gida zuwa shago, daga shago zuwa masallacin Juma'a, daga can zuwa ɗaurin aure, in dai ɗaurin auren bai wuce ƙofar gari ba. Zubaida ta ce to ko wankin ƙafar da ake yi a nan cikin gari a riƙa kai ta a ciki. Mainasara ya ce kujerun masu haske ne, ruwan gyambo in ya shiga soso ba ya fita, a bari ya sa a ɗinka musu riga tukuna. Mai ɗinkin rigar kuma yana Kano. Aka ci gaba da kiran ɗan adaidaita, ana ɗaga Goggo ana sa ta a ciki, su wuce ta gefen motarta. Da hawa da saukar suka gagare ta, sai aka daina zuwa. Mainasara ya kawo wani wanzami mai garin magani, ya ce waraka ta Allah ce, ba ta Katsina ba.

Baƙi kuwa ba su daina zuwa ganin mota ba, duk wanda ya zo kuma sai ya shiga zaure. Warin ya fi ƙarfin turare. Sai aka mayar da Goggo ɗakin ƙarshen gida, kusa da turken awaki, wai can ya fi iska. Ɗakin yana yoyo. A satin nan Mainasara ya kafa wa motar rumfa da sabon kwano daga shagonsa, don rana tana cin fenti.

Na same shi da maganar sau ɗaya, a hankali, yadda ba za ta ɓata mana zumunci ba.

"Isyaku, kana ganin ban damu ba ne? Wa ya kai ni damuwa? Ita da bakinta ta ce ba ta son a je a yanke mata yatsa. Kuma yanzu in na kai ta a motar haya, ga mota a ƙofar gida, ai na tona wa kaina asiri. Kowa zai ce me ya faru? Kana so kwastan su ji? Ka bari kaka ta yi."

Na ce haka ne. Ya rage min hanya a motar, esi a kunne.

Lokacin da na ƙara leƙa Goggo, ban same ta a ƙofar ɗaki ba. Tana ciki a kwance, an rufe ƙafar da tsohon gidan sauro saboda ƙudaje. Zubaida ta ce da rarrafe take zuwa bayi, in ba ta kusa. Yaran Mainasara da suke cin tuwo a ɗakinta sun daina shiga. Ta buɗe ido ta gane ni.

"Isiya. Har yanzu ana ɗaurin?"

"Ana yi, Goggo."

"Wannan birki in aka gama shi, ko jirgin ƙasa ya kama."

Ta so ta yi dariya, tari ya hana ta. Goshinta kamar an ɗora a wuta.

Da safe ina shirin fita ofis sai ga Zubaida a gidana cikin hijabi. Ta gaisa da mai ɗakina, ba ta zauna ba.

"Malam Isyaku, motarka tana tashi yau?"

"In an tura."

"To za mu tura."

"Mainasara ya sani?"

"Na tambaye shi izinin zuwa dubiya, ya ce in je. Bai tambaye ni wa zan duba ba, bai tambaye ni a ina ba."

Na fara lissafa mata dalilai: taya ɗaya ta suɗe, ga aiki a ofis, ga zumunci. Mai ɗakina ta shiga ciki ta fito da makullin motar, da tsohuwar ledar shimfiɗar yara, ta ɗora min a cinya.

Goggo ta ƙi da farko. Da muryar da ba ta fita sosai ta ce za ta jira motarta, kada a kunyata yaron nan a gari. Zubaida ta durƙusa a gabanta.

"Goggo, ni nake wanke ƙafar nan. Ni na san inda baƙin ya kai jiya, na san inda ya kai yau. In kin ƙi tashi, wallahi zan fita titi in faɗa wa duk wanda ya wuce abin da ya hana motar zuwa Katsina."

Goggo ta ce, "To kada ku bi ta gaban shagonsa."

Muka zagaya ta bayan gari. Maƙwabta biyu suka tura mu, akwalar ta yi tarinta ta kama. Abin haushi, tun daga Daura har Katsina ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. A shingen kwastan da ake tsoro, jami'in ya dubi motar, ya dubi ni, ya ga babu abin da mai hankali zai yi fasa-ƙwaurinsa a nan. Ya leƙa baya, ya ja da baya da sauri, ya ce, "Ku wuce, Allah ya ba ta lafiya."

Likitar da ta karɓe mu mace ce. Na so in tambaye ta ko ita ce ke sayar wa dillalai motoci, fuskarta ta hana ni. Ta kwance ƙyallen, ta dubi ƙafar, sannan ta juyo gare mu.

"Wa ya riƙe ta a gida har ta kai haka?"

Na ɗaga kai ina nazarin fankar silin.

"Baba, da kai nake. Ba ku da abin hawa ne?"

Zubaida ta ce, "Muna da shi, likita. Har biyu."

Likitar ta ce da an kawo ta lokacin da aka ce a kawo ta, yatsa ɗaya ne zai tafi, ta koma gida da ƙafarta. Yanzu in ana son ranta, sai dai daga ƙasan gwiwa.

Aka yi aikin.

Mainasara ya iso a motar tasha, su huɗu a baya, rigarsa duk ta yamutse. Ya durƙusa a gaban gadon ya yi kuka, kuka na gaske, har majinyatan gefe suka riƙa ba shi haƙuri. Ya ce ƙaddara ta riga ta rubuta. Ya ce wallahi saura ƙiris takardun su fito. Ya ce da an gaya masa abin ya kai haka, da ko a bayansa ne ya goyo ta. Goggo ta dafa kansa ta ce ya isa haka, ya tashi kada ya tara mata jama'a. Kafin ya tafi ya ja ni waje ya ce bai ji daɗin yadda aka fita da ita ba da saninsa ba, amma ya yafe.

Babu wanda ya taɓa ɗaga wa Goggo murya a gidan nan. Babu ranar da aka hana ta tuwo. In ka shiga unguwarmu yau ka tambayi ɗan da ya fi kowa jin ƙan tsohuwarsa, za a nuna maka rumfar da motar take. Da dukanta aka yi, da maƙwabta sun shigo. Da korarta aka yi, da liman ya yi magana. Amma wa zai kai ƙarar mutumin da yake ta ɗawainiyar nemo wa goggonsa abin da ya dace da ita? Muna da irinsu da yawa a gidajenmu, tsofaffin da ake girmamawa har su ruɓe. Ana karɓe abin hannunsu da sunansu, a yi musu hidimar da jama'a za su gani, wadda su suke buƙata kuma a ce sai an shirya. Kusa da kowane mai irin wannan shiri kuma akwai aboki mai gyaɗa kai.

Da ta fara samun ƙarfi na koma dubiya. An ba ta gado a saman bene, jikin taga. Na tarar an jingina ta da matashi, bargo ya kwanta shafal a inda ƙafar take da, tana kallon waje tana ɓantarar goron nan da ta ƙulla wa likita.

"Isiya, zo ka gani."

Na matsa.

"Waɗancan motocin da aka jera a tsallaken titi, na wane ne haka birjik?"

"Na sayarwa ne, Goggo."

"Kai! Har da fara, har da ja. Ga wata shuɗiya can mai kyau." Ta girgiza kai. "Ku da kuka yi ta wahala tun bazara. Da kun sani ai da nan kuka zo."

Filin Alhaji Sada ne. Duk zuwan da muka yi, a masallacin asibitin muke sallar azahar.